Lokacin mahaukaciyar guguwa a Amurka: tambayoyi da amsoshi kan shirya gida da inshorarsa

Wannan shafi na 'yan'uwa ne da ke zaune a gaɓar tekun Amurka, daga Houston da New Orleans zuwa Florida da jihohin Carolina, masu gidan kansu da masu haya. Tambayoyin su ne waɗanda ake yawan yi a masallaci da wajen suna da biki idan watan Yuni ya ƙarato. Abin da na fi so ya zauna wa mai karatu shi ne, ruwa ya fi iska ɓarna, kuma inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya.

Yaushe ne lokacin guguwar, kuma daga ina take tasowa?

A tekun Atlantika lokacin yana farawa ranar 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, ƙololuwarsa wajen 10 ga Satumba. Amma kada a dogara da haka a yi sake da farkon lokacin, domin guguwar da aka raɗa wa suna Beryl ta afka wa yankin Houston ranar 8 ga Yulin 2024.

Da yawa daga cikin manyan guguwoyin daga wajenmu suke samo asali. Hadarin da ke tasowa daga gabas a damina, ya ratsa Sudan da Chadi da Nijar da arewacin Nijeriya, shi ne ke faɗawa teku wajen Senegal da tsibiran Cape Verde. Idan ya tarar da ruwan teku mai ɗumi sai ya yi ta tara ƙarfi yana juyawa har ya tsallaka. Cibiyar sa ido kan guguwa ta ƙasa da ke Miami tana bin sawun irin wannan hadari tun yana bakin Afirka.

Me ake nufi da mataki na 1 zuwa na 5?

Ma'aunin ƙarfin iska ne kawai. Idan gudun iska ya kai mil 39 a awa ana raɗa wa guguwar suna. Mataki na 1 yana farawa daga mil 74, na 3 daga mil 111, na 5 daga mil 157. Ma'aunin ba ya faɗin yawan ruwan da za a zuba, ba ya faɗin inda teku zai tumbatsa ya kai. Shi ya sa jin "ai mataki na 1 ce" bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba. Beryl mataki na 1 ce lokacin da ta sauka, amma ta bar gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 2 babu wuta cikin zafin Yuli, wasu har fiye da mako guda. Harvey kuwa a Agustan 2017 ƙarfin iskarta ya riga ya faɗi sa'ad da ta tsaya a kan kudu maso gabashin Texas tana zubar da ruwa, har aka auna sama da inci 60 a kusa da garin Nederland.

Sanarwar da hukuma ke fitarwa idan guguwa ta taho iri biyu ce. Ta farko ta zaman shiri, ana fitar da ita kimanin awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso. Ta biyu gargaɗi ce, kimanin awa 36.

Ina da inshorar gida. Ba ta isa ba?

A mafi yawan lokuta ba ta isa ba, kuma nan ne mutane suka fi shan mamaki. Kamfanin inshora yana raba ruwa gida biyu. Idan iska ta yaye rufi ko ta fasa taga ruwan sama ya shigo ta nan, wannan ɓarnar iska ce, inshorar gida ko ta iska ke biya. Idan kuwa ruwa ya taso daga ƙasa ne, kogi ya cika, kwata ta kasa ɗauka, ko teku ya turo, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, wannan ambaliya ce, kuma an cire ta ƙarara daga takardar inshorar gida. Guguwa ɗaya ce ta kawo su, dare ɗaya, amma aljihu biyu ne ke biya.

Bayan Katrina a 2005 an shafe shekaru ana shari'a a gaɓar Mississippi kan gidajen da ba abin da ya rage sai daɓen siminti. Masu gida suna cewa iska ce ta fara rushe su, kamfanoni suna cewa teku ne. A takardu da yawa akwai sharaɗin da ke cewa idan abin da aka rufe da wanda ba a rufe ba suka haɗu suka yi ɓarna ɗaya, kamfani yana iya ƙin biya. Wanda yake da inshorar iska da ta ambaliya duka biyu ya fi ƙarfin wannan gardama, tunda ko wanne aka ɗora wa laifi akwai mai biya.

A ina ake samun inshorar ambaliya, kuma me take biya?

Yawanci daga shirin gwamnatin tarayya da ake kira NFIP, wanda aka kafa a 1968, FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, ke tafiyar da shi. Ba sai an je ofishin gwamnati ba, wakilin da ya sayar maka da inshorar gida zai iya yanka maka. Iyakar abin da shirin ke biya a gidan zama shi ne dala 250,000 na gini da dala 100,000 na kayan ciki, kuma su biyun daban-daban ake saye. Akwai masu sayen na gini kaɗai saboda banki ya tilasta, sai ruwa ya ci kujeru da katifu da firji su tarar babu ko sisi a kan waɗannan.

Abubuwa biyu kuma a sani. Kayan ciki ana biyansu ne da darajarsu ta ranar ɓarnar, wato bayan an cire tsufa, ba kuɗin sabo ba. Sannan shirin ba ya biyan kuɗin otal ko hayar wani wuri yayin da ake gyara. Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke sayar da inshorar ambaliya mai iyaka mafi girma, wasu har da kuɗin mazauni na wucin gadi, ya kamata a tambayi farashi a kwatanta.

Sharaɗin da ya fi kama mutane shi ne na jira. Inshorar NFIP ba ta fara aiki sai bayan kwana 30 da saye, in ban da 'yan lokuta kamar idan an saye ta tare da karɓar bashin gida. Wanda ya jira sai ya ga guguwa a taswirar talabijin ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watan Afrilu ko farkon Mayu ne lokacin yin wannan.

An ce mini gidana ba ya yankin ambaliya. Sai na saya duk da haka?

Ra'ayina, eh, in dai kana wannan yanki. Taswirar FEMA tana nuna inda aka ƙiyasta yiwuwar ambaliya ta kai kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, yankunan da ake yi wa alama da harafin A ko V. A nan ne bankin da ya ba da bashi mai goyon bayan gwamnati zai wajabta inshorar. Kashi 1 yana da kamar ƙanƙanta, amma a tsawon bashin shekara 30 ya haura kashi 25. Wajen layin taswirar kuma ba yana nufin ruwa ba zai zo ba. A Harvey dubban gidajen da ruwa ya shiga suna wajen wannan layi, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su da inshorar ambaliya. Helene a Satumban 2024 ta yi mummunar ɓarna a Asheville da garuruwan duwatsu na yammacin North Carolina, ɗaruruwan mil daga teku, inda kusan kowa bai taɓa tunanin sayen irin wannan inshora ba.

Kafin ka sayi gida ko ka kama haya, tambayi maƙwabta da suka daɗe a layin. Tsohuwar da ke kusa da kai za ta nuna maka da hannu daidai inda ruwa ya tsaya a bangon garejinta, abin da takarda ba lallai ta gaya maka ba.

Mene ne kason mai gida na guguwa, kuma me ya sa yake da yawa?

Kowace inshora tana da adadin da mai gida zai fara ɗauka daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu. A gobara ko sata yakan zama tsayayyen kuɗi, kamar dala 1,000. A ɓarnar guguwa kuwa, tun bayan Andrew ta ragargaza kudancin Florida a 1992 har wasu kamfanoni suka durƙushe, aka koma lissafa shi da kaso cikin ɗari na kuɗin da aka yi wa ginin inshora, ba na ɓarnar ba. Misali, gidan da aka yi wa inshorar dala 300,000, idan kason 2 ne cikin 100, dala 6,000 na farko naka ne. Idan 5 ne, dala 15,000. Ɓarnar rufi ta dala 12,000 a irin wannan gida na biyu ba za ta samu komai ba.

Adadin yana shafin farko na takardar inshora, inda aka taƙaita abin da aka rufe. Ɗauko shi ka lissafa da dala, ka tambayi kanka ko kana da wannan kuɗi a ajiye. Babban kaso yana rage kuɗin da ake biya duk shekara, shi ya sa ake sha'awarsa, amma sauƙin ya dace ne da mai ajiya kawai. A Florida doka ta sa ana cire kason sau ɗaya a shekara ko da guguwa biyu ta same ka, don haka a kai rahoton ko ƙaramar ɓarna ce kuma a adana rasit. Sauran jihohi kowace da tsarinta.

Inshorar gidana ta ce ba ta rufe iska. Yaya ke nan?

Hakan na faruwa a bakin teku sosai. A Texas, ƙananan hukumomi 14 na gaɓa da wani yanki na gabashin Harris, ƙaramar hukumar da Houston ke ciki, suna samun inshorar iska da ƙanƙara daga ƙungiyar inshora ta TWIA, wadda jihar ta kafa a 1971 bayan guguwar Celia. Tana neman takardar shaidar cewa gini ko sabon rufi ya cika ƙa'idar iska, don haka duk wanda zai canza rufi a can ya tabbata an yi binciken an ba shi shaidar. A Florida da Louisiana akwai Citizens, kamfanin inshora da jiha ta kafa, mafakar wanda kamfanoni suka ƙi. Ke nan mutumin Galveston, da ke gaɓar Texas, yana iya riƙe takarda uku: ta gida, ta iska, ta ambaliya.

Kamfanoni kuma suna dakatar da sayar da sabuwar inshora ko ƙara wa tsohuwa da zarar guguwa ta kusanto yankin ko an fitar da sanarwa.

Me kuma zan duba a takardar?

Duba ko kuɗin da aka sa wa ginin zai sake gina shi a farashin yau, domin kayan gini da leburanci suna tashi bayan guguwa. Duba yadda za a biya rufi, da kuɗin sabo ko bayan cire tsufa, tunda kamfanoni da yawa suna mayar da tsohon rufi kan tsari na biyu a lokacin sabuntawa, mai gida bai lura ba. Duba ko akwai kuɗin mazauni idan gida ya ƙi zaunuwa, da ƙarin da ke biyan gyara bisa sabuwar dokar gini. Gwal da sarƙoƙin mata suna da ƙaramar iyaka a inshorar yau da kullum, sai an yi musu rajista daban da shaidar daraja. Tsabar kuɗi da aka ajiye a gida kuwa kusan ba a biyan komai a kai.

Ni ɗan haya ne. Wannan duk ya shafe ni?

Ya shafe ka. Inshorar mai gida ta gininsa ce, ba ta kayanka ba. Inshorar masu haya tana da araha, tana rufe kayanka daga iska da gobara da sata, amma ita ma ba ta biyan ambaliya. Ɗan haya yana iya sayen inshorar ambaliya ta kayan ciki kaɗai daga NFIP, musamman wanda ke hawa na ƙasa.

Motata fa?

Inshorar da doka ta wajabta ba ta biyan ɓarnar da guguwa ta yi wa motarka. Ambaliya da faɗuwar bishiya suna ƙarƙashin cikakkiyar inshora. Masu tuƙin Uber da kai saƙo, waɗanda motar ita ce abincinsu, su duba wannan da kyau, kuma su kai ta tudu ko bene na ajiye motoci kafin ruwa ya fara.

A matsayina na Musulmi, ya halatta in yi inshora?

Tambaya ce da ta cancanci a yi ta da gaske. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, wato rashin tabbas, da ke cikinta, ta amince da ta taimakekeniya, wato takaful. Sai dai takaful na gida yana da wuyar samu a Amurka, kuma mai bashin gida sharaɗi ne a kansa ya riƙe inshora. Saboda haka malamai da dama da ke zaune a ƙasashen yamma suka yi sauƙi a kan abin da doka ko larura ta tilasta. Ka kai wa malamin da ka yarda da shi, wanda ya san yanayin ƙasar, ka bayyana masa halin da kake ciki dalla-dalla. Abin da nake roƙo kawai shi ne a yi tambayar tun da wuri, a yanke shawara da sani, kada iyali su kwana cikin haɗari don an yi ta ɗage maganar.

Idan ba ni da inshora, ba gwamnati za ta taimaka ba?

Tallafin FEMA yana zuwa ne idan shugaban ƙasa ya ayyana bala'i a yankin, kuma an tsara shi don a samu wurin kwana mai aminci da buƙatun gaggawa, ba don a mayar da gida yadda yake ba. Babban kuɗin da ake samu bayansa bashi ne daga SBA, hukumar tarayya mai kula da ƙananan sana'o'i, wanda za a biya. Tallafin kuɗi yana da sharaɗin takardun zama, ko da yake iyali na iya nema da sunan yaron da ke ɗan ƙasa. Matsugunin gaggawa da abinci da ruwa kuwa na kowa ne.

Wane gyara ne ya fi muhimmanci a jikin gidan?

Rufi. Idan ya tafi, komai ya tafi. A sa mai gyara ya duba sassan da suka ɗaga, da ƙarafan da ke ɗaure rufi da bango. Sai ƙofar gareji, wadda mutane ke mantawa: ita ce mafi faɗin buɗi a gida, idan iska ta tura ta ciki sai ta cika gidan ta ɗaga rufin daga ƙasa. Ana sayar da ƙarfen tokare ta. Tagogi a yi musu murfi na ƙarfe, ko a yanka faifan katako mai kauri tun yanzu, a huda, a rubuta wa kowane sunan tagarsa da alli, "ɗakin yara", "kicin", a jingine a gareji da kusoshinsa a leda. Manna salatif a gilashi ba ya hana shi fashewa, ɓata lokaci ne.

A sassabe rassan da suka rataya kan rufi, a yashe indararo da magudanar bakin titi. Kujerun waje da tukwanen fure da abin gashi duk a shigar da su ciki idan an yi sanarwa. Wannan aiki yana rage kuɗin inshora ma. A Florida binciken ƙarfin gida ga iska yana jawo rangwame, Alabama kuma tana ba da tallafi don a ɗaga rufi zuwa ma'aunin ƙarfin gini da ake kira FORTIFIED.

Me zan tanada a gida?

Ruwan sha galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana, na kwanaki da yawa, da abincin da ba ya buƙatar firji. Gari da ƙuli-ƙuli da dabino da kilishi sun fi yawancin abin da ake rububi a kanti amfani a nan. Magungunan hawan jini da na suga na aƙalla mako biyu, tocila, batir, abin cajin waya, tsabar kuɗi ƙanana domin na'urar kati ba ta aiki idan babu wuta, da man fetur cike da tankin mota. Fasfo, katin zama, takardun haihuwa da na inshora a sa su cikin leda mai zif, a ɗauki hotonsu a tura wa kai ta imel.

Ka ɗauki waya ka zaga gidan kana bidiyo. Buɗe kowace durowa da kabad, nuna akwatunan atamfa da shadda, juya talabijin a ga lambarsa, fita ka ɗauki rufi da katanga. Aikin rabin awa ne, kuma shi ne hujjarka ranar da mai ƙiyasta ɓarna zai ce ka lissafo abin da ka rasa.

Janareto fa? Mun saba da shi tun daga gida.

Sabawar ce ma abin tsoro. Gidajen Amurka a toshe suke ruf saboda na'urar sanyi, hayaƙin da ba shi da wari yana taruwa cikin mintuna. Bayan Laura ta afka wa Lake Charles a Agustan 2020, da yawa daga waɗanda suka rasu a Louisiana hayaƙin janareto ne ya kashe su bayan iska ta wuce. A ajiye shi waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da a buɗe yake. A sa na'urar ƙararrawa mai batir da ke gano wannan hayaƙi mara wari kusa da ɗakunan kwana. Gawayi ma kada a hura shi a ciki.

In tsaya ko in tafi?

Ka san harafi ko lambar yankinka na kwashe mutane tun yanzu. Idan hukuma ta ce yankinka ya tashi, ka tashi, domin tumbatsar teku ba a jure mata, kamar yadda aka gani a Fort Myers Beach lokacin Ian a 2022. Mazauna gidan tirela su ma su fita ko da guguwar ƙarama ce. Wanda ke nesa da ruwa cikin gini mai ƙarfi sau da yawa zama ya fi masa, domin a Rita a 2005 miliyoyi sun fita daga Houston lokaci guda, aka maƙale a hanya cikin zafi, kuma mutane da dama suka rasu a tafiyar. Ba sai an yi nisa ba, gidan ɗan'uwa a tudu ya isa. Kada a shiga ruwa da mota: ƙafa ɗaya na ruwa mai gudu yana ɗaukar ƙaramar mota. A tuna da tsofaffin da suka zo ziyara daga gida ba sa jin Turanci, da ɗaliban da ba su da mota.

Guguwa ta wuce, gida ya lalace. Da me zan fara?

Ɗauki hoto da bidiyo kafin ka taɓa komai, har da layin da ruwa ya bari a bango, ka dafa ma'auni a jikinsa. Kira kamfani ko wakili nan da nan ka karɓi lambar ƙorafi, wato ta neman diyya, kuma idan kana da takarda fiye da ɗaya ka sanar da kowanne. Wajibi ne a kanka ka hana ɓarna ƙaruwa, ka rufe rufi da tamfol, ka fitar da jiƙaƙƙen kafet kafin fumfuna ta kama, amma ka yanki ɗan guntu ka ajiye, ka riƙe duk rasit. Gyara na dindindin ya jira mai ƙiyasi. Bishiyar maƙwabci da ta faɗo kan gidanka, a yawancin lokuta inshorarka ce za ta biya.

Wa'adi yana da tsauri. NFIP tana neman takardar shaidar asara cikin kwana 60, sai dai in FEMA ta ƙara lokaci, a Florida kuma shekara ɗaya ce ta kai sabon ƙorafi. Rubuta ranar kowace waya da sunan wanda ka yi magana da shi. Idan kuɗin da aka yanka bai yi maka ba kana da damar neman a sake dubawa, ka kawo ƙiyasin ɗan kwangilarka, ka ɗauki mai ƙiyasi mai zaman kansa wanda ke karɓar kaso daga abin da aka biya, ko ka kai kuka sashen kula da inshora na jiharka, wanda ba a biyan komai. Masu ƙwanƙwasa ƙofa da motocin wata jiha suna cewa a ba su rabin kuɗi yau su fara gobe, a nemi lasisinsu da shaidar inshorarsu, a bincika a shafin jiha, kuma kada a sa hannu a takardar da ke miƙa musu haƙƙin karɓar kuɗin inshora a madadinka. Idan akwai bashi a kan gidan, cekin gyaran gini yakan fito da sunanka da na banki tare, don haka ka kira bankin tun farko ka ji yadda suke sakin kuɗin.